Bangon da Baba Bai Wanke Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi ake komawa, ɗan gari da baƙo, wanda ya yi sallah da wanda bai yi ba.

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan rasuwar Baba, ɗakin da mutanen Damagaram suke taruwa a unguwar Nasim ta birnin Riyad ya cika tun kafin la'asar. Ban kira kowa ba. Labari ne ya zaga cewa tsohon Baturen da nake aiki a ƙarƙashinsa ya mutu, sai mutane suka riƙa shigowa suna tuɓe takalma suna miƙo mini hannu, kamar ni na yi rashin uba. Amma duk wanda ya riƙe hannuna sai bakinsa ya tsaya. Kalmar da muka saba faɗa a irin wannan zama ta ƙi fitowa, domin Baba ba Musulmi ba ne. Wani ya ce, "Ya haƙuri, Malam?" Wani ya ce, "Ashe haka aka yi." Wani direba ɗan Maraɗi ya manta, ya ce, "Allah Ya jiƙan..." sai ya haɗiye sauran ya dubi tabarma.

Akwai wani ɗalibin jami'a ɗan Sakkwato a cikinmu, mutum mai ladabi. Ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Malam, ka fi ni sani. Ba a nema wa wanda ya mutu a kan wani addini gafara."

Na ce, "Na sani. Ban nema ba. Na bar shi ga Wanda Ya halicce shi, Shi Ya san abin da ke tsakaninSu."

Ƙanin matata yana zaune a lungu, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, idonsa ja. Tare muka yi aiki da Baba. Ya ɗago kai.

"To me za a ce, Ustazu? A ce Allah Ya ƙara?"

"Ban ce mugu ba ne, ɗan'uwa."

"Da ba don shi ba, da yanzu ina tashar Damagaram ina bara da sanda. Kai kana ina lokacin? Kana laburare."

Na ce masa ya kama bakinsa, baƙo ne ya zo gaisuwa. Ɗalibin bai yi fushi ba, ya zuba masa shayi ya tura masa. Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Kafil ne, wato mai kamfanin da ya ɗauko mu, wanda iƙamarmu, takardar izinin zamanmu a ƙasar, take hannunsa. Ya yi mini gaisuwa a taƙaice, sannan ya ce:

"Ya Mu'allim, bangon nan. Gobe da safe za ku wanke shi a gabana. Zan zo da surukina. An ce mini akwai surar mutum a ƙarƙashin takardar. Idan na gan ta, guduma za ta hau shi daga wannan kai zuwa wancan. Ka tuna kai ka tsaya masa."

Na ce to. Na ajiye wayar. Ƙanin matata ya ji komai, ya rufe fuskarsa da hular kansa.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan: kada a wayi gari babu wanda ya san wane ne Baba, kuma mene ne bangon.

Mutumin Yukren ne, daga gabashin ƙasar, inda ake haƙar kwal. Sunansa yana da nauyi a bakinmu, shi ya sa muka bar shi a Baba, shi ma ya amsa. Ya doshi saba'in, dogo, ya ɗan ranƙwafa, hannuwansa duk tabon yanka. Sana'arsa zanen bango, amma ba da fenti ba. Ƙananan gutsattsarin gilashi masu launi, kowanne bai wuce farcen babban yatsa ba, su ake jerawa har su zama hoto. Larabawa suna ce wa aikin fusaifisa. A ƙuruciyarsa, zamanin tsohuwar gwamnatinsu, ya rufe bangayen makarantu da masana'antu da tashoshin mota da hotunan mahaƙa da manoma, mutane masu tsawon gidan bene. Da gwamnatin ta faɗi, aikin ya faɗi tare da ita. Haka rabo ya kawo shi Riyad, inda aka ce masa ya yi furanni da taurari da ƙulle-ƙullen ado, amma kada ya kusanci abu mai rai. Larabcin wurin aiki muke yi da shi, irin wanda babu ruwansa da nahawu, rabi baki rabi hannu. Abin da zan kawo na maganarsa, na mayar da shi Hausa ne yadda na fahimta.

Sai na bayyana yadda yake aiki, domin a nan maganar take. Baba ba ya manna gilashi kai tsaye a bango. Zanen yake yi a kan takarda mai kauri, irin ta buhun siminti, a juye, dama ta koma hagu. Sannan ya yayyanka takardar gida-gida. Kowannenmu a ba shi gidansa, ya manna gilashi a kai, fuskar gilashin tana kallon takarda. In an gama, a shafa siminti a bango, a ɗauki kowane gida a kifa shi a mazauninsa. Daga nan abin da ido zai gani a bangon takarda ce kawai, ruwan ƙasa. Hoton yana ƙarƙashi. Sai an jiƙa takardar da soso an ɓare ta yake fitowa. Wasu masu sana'ar suna ɓarewa suna tafiya. Baba ba ya yarda. Sai bango ya cika, sannan a wanke shi rana ɗaya, daga sama zuwa ƙasa. Yakan ce a garinsu ba a nuna wa wawa rabin aiki. Na taɓa tambayarsa wane ne wawan. Ya ce, "Mai bangon."

Abin da ake manna gilashin da shi a takarda kuwa, fulawa ce da ruwa, shi da kansa yake dama ta a tukunya kowace safiya. Ranar da ƙanin matata ya fara aiki, ya ga tukunya tana tururi, ya ɗauka karin kumallo ne. Ya ɗebi kofi guda ya shanye, yana ƙorafin kunun Turawa ba gishiri ba sukari. Baba ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Tun daga ranar, duk safiya in ya sauke tukunya sai ya miƙa masa ludayi ya ce, "Faɗur?" wato karin kumallo da Larabci. Shi kuma ya ce, "Na ƙoshi, Baba, jiya ma hanjina a manne ya kwana."

Yana da ɗabi'u. In yana son ganin ainihin launin gilashi sai ya lasa shi ya ɗaga wa rana. In yana duba bango sai ya riƙa ja da baya ba tare da ya waiwaya ba, mu kuma mu riƙa kwashe bokitai daga hanyarsa. Da azumi ya zo na lura ya daina lasar gilashi, ya ajiye ƙaramin kwano da ruwa yana tsomawa. Ruwan shansa kuma ya kai bayan tarin bulo, can yake zuwa kamar ɓarawo. Na ce masa, "Baba, ai ba a kanka yake ba." Ya ce, "Maƙogwaronku yana jin ƙarar nawa."

Maganar ƙafar ƙanin matata kuwa, ga yadda ta kasance. Ya faɗo daga saƙala, katakon da muke hawa, ƙafar ta karye a wuri biyu. Da aka sallame shi daga asibiti, shugaban ma'aikata ya ce gurgu ba ya hawa bango, a buga masa bizar fita ta ƙarshe a mayar da shi gida. Yana da 'ya'ya ƙanana a can, ga matata tana kuka a waya. Baba bai yi gardama da kowa ba. Ya shimfiɗa tabarma a inuwa, ya zaunar da shi, ya ajiye masa kututture da ƙaramar guduma, ya kama hannunsa ya koya masa fasa gilashi. Sannan ya je wurin kafil ya ce idonsa ya yi rauni, ba zai iya aiki ba sai da mai yanka, kuma wannan yake so. Idon Baba kuwa a lokacin yana iya gane shuɗi daga shuɗi a nesa da taku goma. Ƙanin matata ya ɓata gilashi mai yawa kafin hannunsa ya faɗa. Baba yakan tattara ɓarnar da tafinsa ya ce, "Wannan na sararin sama ne, sama tana cin komai."

Mun taɓa ɓatawa sau ɗaya, kuma ba ƙaramar ɓatawa ba. Wata rana a hutun azahar ina zaune ina karatu, ashe ya yagi takardar siminti yana zana ni da gawayi. Ya kawo mini yana murmushi. Na ga fuskata, har da tabon goshina da yadda nake matse ido. Raina ya ɓaci.

Na ce, "Yaga ta."

"Don me? Allah Ya yi fuskar. Ni kallo kawai na yi."

"Ranar tashi za a ce ka busa mata rai. Za ka iya?"

Ya ce, "Malam, na je gidan tarihin Murabba. Akwai dutse a can, kakannin mutanen nan sun sassaƙa raƙuma da mahaya a jikinsa. An sa masa fitila, an kunna masa sanyi."

"Wannan kafin shiriya ta zo ne."

"To ni ma kafin shiriya nake."

Na ce ba wasa nake ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya yaga takardar a hankali, biyu, huɗu, ya zuba a bokitin shara. Muka ɗauki kwanaki ba mai ce wa wani komai sai "miƙo" da "riƙe". Shi ya fara saukowa. Ya tarar da ni ina rubuta wata waƙar wa'azi da ajami, da alƙalamin kara da na zo da shi daga gida. Ya karɓi takardar, ya juya ta ƙasa ta koma sama, tun da ba karantawa zai yi ba. Ya nuna wani harafi ya ce wannan mace ce mai ciki. Ya nuna wani ya ce wannan tsoho ne da sanda. Ya ce, "Kai ma mutane kake zanawa, Malam. Ɓoye su kake yi." Na ce a'uzu billahi, amma dariya ta riga ta kuɓuce mini.

A shekarar da ta biyo bayan ɓarkewar yaƙi a gabashin ƙasarsu, Baba ya canza. Ƙanwarsa ce kaɗai ta rage masa, matarsa ta daɗe da rasuwa, ba su haihu ba. Ita take aiko masa da labari ta waya, daga yammacin ƙasar inda ta gudu. Wata safiya ya ƙone kunun fulawa, abin da bai taɓa yi ba. Na je na same shi a bayan tarin bulo, ya miƙo mini wayar. Hoton ɓaraguzai ne. A cikin ƙura na hango haɓar mutum da gefen ɗankwali, na gilashi.

Ya ce bangon makarantar garinsu ne. Mace ce a jiki, ɗauke da damin alkama a kafaɗa, kuma fuskar mahaifiyarsu ya sa mata. Sauran bangayensa an riga an rushe wasu, an lulluɓe wasu da sabon gini. Wannan ne ya rage, shi ma bam ya same shi.

Na faɗa masa abin da muke faɗa, cewa duk abin da ke bayan ƙasa mai ƙarewa ne.

Ya ce, "Na sani, Malam. Amma na so in riga shi."

Ba a daɗe ba kafil ya ba shi wani aiki, ba na kasuwa ba, nasa na kansa. Yana da istiraha a unguwar Shifa, gidan hutu mai fili inda iyalinsa suke taruwa, da dogon bango yana kallon wurin zaman maza. Baba ya kawo masa ƙaramin zane, gonar alkama da sararin sama. Kafil ya ji daɗi, domin mahaifinsa manomi ne. Amma da ya nemi ganin babban zanen, Baba ya ƙi, kamar yadda ya saba. Kafil ya san labarin bangon makarantar, ya kuma san irin kallon da Baba yake yi wa waya. Ya kira ni, tun da ni ne babba a cikin ma'aikata kuma ni nake jan su sallah. A gabana Baba ya dafa ƙirji ya ce, "Ba fuska. Ba ido. Ba baki." Kafil ya juyo gare ni. Na ce na tsaya masa.

Muka shiga aiki. Mu aka ba gidajen gefe, sama da alkama. Na tsakiya kuwa, daga ƙasan bango har ya wuce rabi, Baba ya kwashe su ya kai ɗakinsa, shi kaɗai yake manna su. In ya fito da su ranar kafawa, a kife yake kawo su, ya riga ya shafe bayansu da siminti. Wata rana ƙanin matata ya kai masa shayi bai ƙwanƙwasa ba. Ya dawo yana ɗingishi da sauri, ya ja ni gefe.

"Yaya, na ga wani abu a ƙasa. Baƙi-baƙi, zagaye. Kamar kai."

Na ce, "Ka ga ido?"

"Ban tsaya ba. Ya rufe da bargo."

"To ka rufe naka bakin da bargo."

Bai rufe ba. Ba da mugunta ba, shi dai magana ba ta kwana a cikinsa. Ya faɗa wa mai gadi, mai gadi ya faɗa wa direba, direba kuwa kullum yana tare da kafil. Ni ban tambayi Baba ba. Na yi niyya fiye da sau ɗaya, in na dube shi sai in fasa. Ya rame, yana hawa saƙala yana tsayawa a tsakiya ya huta.

Ranar da aka kafa gida na ƙarshe, da hantsi, ya sauko ya ja da baya kamar yadda ya saba, yana kallon bangon da babu komai a kansa sai takarda. Ya kifa bokiti a inuwa ya zauna. Ya ce, "Gobe wanka." Ya ce a kawo masa shayi. Kafin ƙanin matata ya iso da kofin, Baba ya jingina da bango, hularsa ta faɗi ƙasa. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi. Aka sa shi a ɗakin sanyi na ajiye gawa, ana jiran takardun da za a aika da shi wurin ƙanwarsa. Ba mu muka wanke shi ba, ba mu muka ɗauke shi ba. Bangon ya bar mana.

Ranar Asabar muka isa Shifa da sassafe. Kafil ya zo da surukinsa, mijin 'yarsa, matashi mai gemu da gajeriyar riga, wanda ya yi karatun shari'a. Aka kawo musu kujeru da gahawa. A gefen fili na ga manyan gudumomi biyu an jingina su da bishiyar dabino. Ba mu muka kawo su ba.

Na yi bisimilla na hau saƙala. Ƙanin matata yana ƙasa yana riƙe da tiyo yana cika bokitai. Na jiƙa takardar sama, na jira ta sha ruwa, na kama gefenta na ja. Shuɗi ya fito. Ba shuɗi ɗaya ba, iri-iri ne, har da gutsattsarin da ƙanin matata ya ɓata a farkon koyonsa, na gane su da karkacewarsu. Muka bi saman bango daga wannan kai zuwa wancan. Sama ce, da farin gajimare siriri. Kafil ya ce masha Allah.

Aka sauke katako. Layi na biyu, ƙarshen gona ya fito can nesa, alkama ruwan zinariya, layukan gilashin suna kwanciya gefe ɗaya kamar iska tana kaɗa su. Rana ta taso ta bugi bangon, sai da na runtse ido. Na bar tsakiya da gangan, na wanke dama, na wanke hagu. Soso ya faɗi daga hannuna sau biyu.

Kafil ya ce, "Tsakiya, ya Mu'allim."

Na jiƙa gidan farko daga cikin waɗanda Baba ya manna da hannunsa. Na ja takardar. Alkama ce, amma a ƙasan gidan launin ya fara duhu, shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa. Na ja ta ƙasa da ita. Duhun ya faɗaɗa, ya zagaye. Na ji ƙanin matata ya daina zuba ruwa. Ban waiwaya ba, na ci gaba da ja har na kai ƙasan bango, na sauko, na ja da baya.

Inuwa ce. Doguwar inuwa kwance a kan alkama, irin ta hantsi, ta taso daga gindin bangon, daidai inda mai kallo yake tsaye. Ga kafaɗu, ga dami a kan kafaɗa ɗaya, ga kai da ƙullin ɗankwali. Ba fuska, ba ido, ba baki. Mai inuwar ba ta cikin hoton, tana wajen da muke.

Ruwan tiyo yana malala a ƙasa har ya kai takalmin kafil, bai janye ƙafarsa ba.

Ƙanin matata ya matso bayana, ya ce da Hausa, a hankali, "Yaya, ka ce dabino ne. Ka ce inuwar dabino ce, ga ganye nan a kafaɗa. Wallahi zai yarda, so yake ya yarda."

Kafil ya tashi tsaye. Ya ce, "Kai ka tsaya masa. Mene ne wannan?"

Na dubi gudumomin. Na dubi bangon. Na san idan na ce dabino, kafil zai iya gyaɗa kai, a sha gahawa a watse. Na kuma san shi da iyalinsa za su yi sallah a filin nan shekara da shekaru a kan maganata.

Na ce, "Allah Ya ja da ranka, inuwar mace ce."

Ƙanin matata ya jefar da tiyo. Ya ce, "Ka kashe shi sau biyu, Yaya." Ya juya ya ɗingisa ya koma gindin dabino.

Surukin kafil, wanda yake kiransa Ammi, wato kawu, ya ce, "Sura ce, Ammi. Kai da kafaɗu, kowa ya gani ya san mutum ne."

Kafil ya ɗaga hannu ya kira mai gadi, ya nuna masa gudumomin. Mai gadi ya ɗauko ɗaya yana jan ta a ƙasa. Ƙarar ƙarfen a kan daɓe har yau tana kunnena. Da ya iso gaban bangon ya tsaya yana jiran a ce masa ya fara. Kafil bai ce ba. Yana kallon inuwar.

Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wace ce?"

"Bai faɗa mini ba. Ina zaton mahaifiyarsa ce."

Kafil ya gyara mayafin kansa, ya sake gyarawa. Sannan ya juya ga surukinsa. "Babu wata hanya?"

Matashin ya taso ya zo gaban bangon, ya duba sama ya duba ƙasa. Ya ce, "Malamai sun ce hukuncin sura yana ga kai. In an cire kan, abin da ya rage kamar itace ne. Ba sai an rushe duka ba."

Kafil ya ce, "Halas, shi ke nan. A cire kan, yau, kafin azahar." Ya dube ni. "Kai za ka cire."

Na ɗauki ƙaramar gudumar Baba da ƙarfen sassaƙa na hau. Simintin ya riga ya kama, kowane gilashi sai na buga masa sau da yawa kafin ya saki. Na fara da ƙullin ɗankwali. Ina cirewa ina zubawa a aljihun rigata, domin ban so su faɗi ƙasa a taka su. Da na gama, wani rami mai launin toka ya buɗe a tsakiyar gonar, faɗinsa kamar faifai babba. Na sauko neman gilashin da zan cike shi. Na tarar ƙanin matata ya jawo kututturensa gindin saƙala, ya zauna yana fasa ruwan zinariya, yana ware mai haske daga mai duhu kamar yadda aka koya masa. Bai dube ni ba. Ya tura mini kwanon da ƙafarsa mai lafiya.

An yi kiran azahar ina shafe siminti na ƙarshe. Mai gadi ya mayar da gudumomin cikin mota.

Gilashin da ke aljihuna na wanke su, na zuba a gwangwanin shayin Baba, na sa a jakarsa da za a aika tare da shi. Na ɗauki hoton bangon da waya na tura wa ƙanwarsa, na nemi wani likita mai jin harshensu ya gaya mata gaskiyar abin da ke cikin gwangwanin da wanda ya cire. Amsar da ta dawo gajeriya ce. Ta ce ta gane damin, haka mahaifiyarsu take ɗaukarsa, a kafaɗar hagu, saboda ta dama tana mata ciwo.

Bangon yana nan a Shifa. Inuwar tana tasowa daga ƙasa, ta kai kafaɗu, ta tsaya. Daga nan aikina ne, kuma duk mai ido zai gane. Layukan Baba suna tafiya da iska, nawa sun miƙe kamar sahun sallah. Sai da aka yi makonni ƙanin matata ya sake yi mini magana ta arziki. Mun koma kwashe saƙala, ya tsaya ya daɗe yana kallon wurin.

Ya ce, "Da Baba ya ga wannan facin, da ya sa ka cire ka sake."

Na ce, "Da ya sa."

Allah Ya ba ƙanwarsa haƙuri, Ya zaunar da ƙasarsu lafiya. Mu da muka rage, Ya sa mu cika da imani.